Harafin da Mai Gadi Bai Sani Ba

Akwai laifin da ya fi sata muni, ko da yake ba a cika kiransa da sunansa ba. Shi ne mutum ya ga ɓaraka a katangar gidan da yake ci yake sha a cikinsa, ya ja bakinsa ya yi gum, yana ajiye ta don ranar da za ta yi masa rana. In ranar ta zo ya shiga ya ɗauka, sannan ya koma gefe ya harɗe hannu yana kallo a kama wani. Ku saurara ku ji yadda irin wannan ta ƙare da mai ita.

Ran Litinin da hantsi, saura kwana huɗu a zauna jarrabawar ƙarshe a wata kwalejin koyon aikin jinya, mai kula da ɗakin karatu ta tsinci takarda a ƙarƙashin benci. Tambayoyin darasin ƙididdiga ne, daga na ɗaya har na goma, ba gyara. Kafin azahar an tattaro kwafi goma sha ɗaya daga jakunkunan ɗalibai, kowa ka tambaya sai ta ce a ƙasa ta tsinta.

Tambayoyin nan a shafin intanet na kwalejin suke a kulle, kuma mutum biyu kaɗai ke da mabuɗinsu: Shugabar kwaleji, da yarinyar da ta gina shafin, wadda kowa ke kira Auta. Shugaba ba za ta saci kayanta ba. Saboda haka aka karɓe mabuɗin Auta, aka ce ta koma gida. Kwamiti zai zauna ran Alhamis, in ba a sami wani bayani ba a kore ta, a kuma miƙa ta ga 'yan sanda.

Mahaifinta na tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera sa'ad da ta shigo. Shekara talatin da uku ya yi yana rarraba wasiƙu a gidan waya, shi ya sa har yau ba a kiransa sai Malam Hatimi. Shi ya raine ta shi kaɗai tun tana 'yar shekara shida, da uwarta ta rasu. Daga yadda ta ajiye takalminta ya san ba lafiya.

"Auta, wa ya taɓa ki?"

Ta durƙusa a gabansa ta miƙa masa kwafi ɗaya da aka ba ta a matsayin shaidar laifinta. Ta buɗe baki za ta yi magana, kuka ya riga ta. Bai hana ta ba. Ya dafa kanta da hannun nan nasa mai kaushi har ta yi mai isarta, sannan ta ba shi labari.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, kuma sau ɗaya. Ke ce?"

"Wallahi Baba ba ni ba ce."

"Shi ke nan. Tashi ki wanke fuska ki ɗora mana shayi. Miƙo mini gilashina."

Gilashin ƙara girman rubutu ne, mai mariƙin katako, wanda ya yi ritaya da shi. Kowa a kwalejin tambayoyin ya karanta. Malam Hatimi kuwa ko kallonsu bai yi ba, don mai rarraba wasiƙu ba ruwansa da abin da ke cikin ambulan, adireshi yake dubawa. Ya bi gefen takardar har gindinta, inda na'urar bugawa kan ajiye adireshin shafin da aka bugo da ƙananan baƙaƙe. Ga abin da ya gani:

jarrabawa/%C6%99ididdiga

"Zo nan, 'yar nan. Wannan tarkacen da ke gaban kalmar, mene ne?"

Auta ta ajiye buta ta leƙa. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan ƙa ce, mai ƙugiya. Haka take rikiɗewa a cikin adireshi. Amma ni ba haka na sa sunan ba. Kididdiga na rubuta, da ka ta kullum. Duk sunayen jarrabawa haka nake sa su."

"To wasiƙar nan ba ta ƙofarki ta fita ba. Nuna mini yadda kuke rabo a gidan wayarku."

Ta ɗauko kwamfutarta ta zauna kusa da shi a kan tabarma, kafaɗa da kafaɗa, kamar lokacin da yake koya mata karatu. Ta ce duk wanda ya nemi wani shafi, adireshi yake aikowa. A cikin manhajar akwai jerin layuka, kowane layi da siffar adireshin da yake karɓa. Masu sana'arsu rejeks suke kiran wannan siffa. Ana gwada adireshi daga layin sama zuwa ƙasa, wanda ya fara dacewa shi ke ɗauka.

"Ramukan rabo ke nan," in ji tsohon. "Ci gaba, ba baƙon abu ba ne."

Ta nuna masa layi biyu.

^jarrabawa/[a-z]+$

^jarrabawa/.+$

"Na sama shi ne mai gadi. Yana cewa, in sunan takarda haruffa ne zalla, daga a zuwa z, to sabuwar jarrabawa ce, sai an nuna mabuɗi. Na ƙasa kuwa, ɗigon nan da alamar tarawa suna nufin kome da kome. Na yi shi ne don tsofaffin tambayoyi da ɗalibai ke bita da su, su sunansu akwai lambar shekara. Shi ba ya tambayar mabuɗi, miƙawa kawai yake."

"Sababbi da tsofaffi a kabad ɗaya suke?"

"Ɗaya ne."

"Ƙa mai ƙugiya tana tsakanin a da z?"

Auta ta rufe baki da tafin hannu. Ta girgiza kai a hankali.

"Ba ta ciki, Baba. Ba ƙa, ba ɗa, ba ɓa. Mai gadin bai san su ba. In ya gan su sai ya ce ba nasa ba ne, su gangara ƙasa." Idonta ya sake cikowa. "Ashe dai laifina ne."

"Kul! Sakaci daban, sata daban. Sakacin naki ne, za ki amsa shi da bakinki a gaban mutane. Amma ba za ki ɗauki kayan ɓarawo a kanki ba." Ya juya gilashin a hannunsa. "Kuma ma rabinsa nawa ne. A bayan ambulan na koya miki a zuwa z, kina zaune a kan buhun wasiƙu kina lilo da ƙafa. Ambulan na zamaninmu ba su da ƙugiya. Ban koya miki haruffan bakinki ba."

Ta yi dariya cikin hawaye. Ya tura mata kofin shayi, bai ɗauke ido ba sai da ta shanye.

Washegari ya sa rigarsa ta fita ya tafi wurin Shugaba, Auta na biye. Shugaba ta san shi. Shi ya taka har ƙofar gidansu cikin ruwan sama, shekaru da yawa baya, ya kai mata wasiƙar da aka ɗauke ta karatu. Ta tashi ta ba shi kujera.

"Baba, ni ma raina bai so ba. Amma mabuɗi biyu ne a duniya."

"Ranki ya daɗe, ba afuwa na zo nema ba. A buɗe mana rajistar shige da fice ta shafin, a gabanki, da hannunki a kan mabuɗin. Ita ta nuna, ni in karanta."

Aka buɗe. Ran Alhamis da ta wuce, ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in, an canza sunan takardar daga kididdiga zuwa ƙididdiga. Bayan minti ɗaya an buɗe ta ba tare da mabuɗi ba. Bayan minti huɗu an mayar da sunan yadda yake. An yi canjin ne da mabuɗin ofis, wanda ba ya buɗe jarrabawa, iyakarsa gyara suna da jadawali. Mutum uku ke amfani da shi: sakatariya, malamin ƙididdiga wanda shi ne mai tsara jadawali, da Magatakarda.

"Koma baya," in ji Malam Hatimi. "Ɓarawo ba ya fara tsallaka katanga ran da zai yi sata. Ya taɓa leƙawa."

Auta ta yi ta komawa. Wata biyu baya, wata safiya, wani ya bi sanarwoyin shafin yana gyara rubutu: dalibai ya zama ɗalibai, bangare ya zama ɓangare. Daga nan ya kai kan wani gwajin tsakiyar zango mai suna kwayoyi, ya mai da shi ƙwayoyi. Takardar ta buɗe masa ba mabuɗi. Bayan minti uku ya cire ƙugiyar. Sauran gyare-gyaren duka ya bar su.

Tsohon ya jingina da kujera.

"Kin gani, ranki ya daɗe? Mai son gyara ne, ya yi tuntuɓe da ƙofa. Maimakon ya yi ihu, sai ya ja ta a hankali ya rufe, ya riƙe a ransa. 'Yata kuwa in ita ce, me za ta yi da canza suna, ga mabuɗi a hannunta? Kuma wanda ya san dokar layin nan, lamba ɗaya zai ƙara a sunan ta buɗe. Wannan bai san doka ba, ƙugiya kaɗai ya sani, don ita ya gani da idonsa. Ki ba ni gobe. Kada kowa ya ji maganar harafin nan."

Ran Laraba ya zo shi kaɗai, da sandarsa, yana tafiya kamar tsohon da duniya ta gama da shi. Ya fara da sakatariya, wadda ake kira Anti Tafireta don ta girmi kwamfutocin ofishin duka.

"'Yar'uwa, taimaka ki buga mini takardar roƙo. Hannuna rawa yake."

"Wayyo Baba, zauna. Yarinyar nan ko biro ba ta taɓa ɗauka a teburina ba ta mayar ba. Faɗi, ina ji."

"Ina roƙon kwamiti ya buɗe wa 'yata ƙofar afuwa."

Yatsunta suka yi ta ƙwanƙwasa kamar ana ruwan ƙanƙara. Da takardar ta fito ya ɗora gilashi: rok'on, bud'e, k'ofar.

"Ke ba kya sa musu ƙugiya?"

"Ina zan same ta? Tafireta ba ta da ita, wannan akwatin ma ba shi da ita. Shekara talatin da waƙafi nake sa musu a ka, kuma ba wanda ya mutu. Mutum ɗaya ne ke dawo mini da takarda da jan biro kamar an yanka kaza a kanta." Ta nuna ƙofar Magatakarda da haɓa.

Malam Hatimi ya yi godiya ya cire ta a ransa. Hannun da ya saba da waƙafi, ko a sata waƙafi zai sa.

Malamin ƙididdiga yana ofishinsa cikin tulin littattafai, ido ja wur. Kashi Ɗari ɗalibai suke ce masa, don ba ya buɗe baki bai kawo kaso ba.

"Malam, ran Alhamis da hantsi kana ina?"

"Ina aji, Baba, da ɗalibai sittin, kashi tamanin cikinsu suna hamma. Ni kake zargi? Ni fa na rubuta tambayoyin nan! Wata guda ina tsara su, ga asalinsu da rubutun hannuna a aljihun tebur. Yanzu an ce in sake wasu cikin kwana biyu. In na kama wanda ya yi mini wannan, sai na ci masa mutunci ɗari bisa ɗari."

"Allah ya huci zuciyarka."

Wanda tambayoyi ke cikin kansa ba ya bin ƙofar baya ya ɗauko su. Saura ɗaya.

Magatakarda mutum ne mai tsabta, mai farin gashi a gefen kunne, shekararsa ashirin da huɗu a kujerar nan. Ya karɓi takardar roƙon da yatsa biyu. Tun bai kai ƙarshen layin farko ba ya zaro jan biro.

"Dubi wannan! Harshenmu yana da haruffansa, a ce har yau ana ɗora musu waƙafi kamar tsumma. Duk ginin nan kwamfutata kaɗai ke fitar da su daidai, ni na sa aka saka mini." Ya danna, ƙa ta fito a allo da ƙugiyarta, ya juyo da shi don tsohon ya gani. "Amma dattijo, gaskiya takardar nan ba za ta yi amfani ba. Yaran yanzu sai addu'a. Ka yi haƙuri."

A kan teburin akwai hoton wata budurwa cikin farar rigar ɗaliban jinya.

"Taka ce?"

"Ita ke nan gare ni." Muryarsa ta sauka. "Tana ajin ƙarshe. Hannunta a kan majiyyaci kamar na uwa, kowa na faɗi. Ƙididdiga ce kawai ta tsaya mata, sau biyu. In ta faɗi na uku, doka ta ce ta tafi."

Malam Hatimi ya daɗe yana kallon hoton. Ya fito da abin da ya zo nema, amma bai ji daɗi ba ko kaɗan. A gida Auta ta tambaye shi me ya samo, ya ce, "Na samo uba irina," ya shige ɗaki.

Ran Alhamis kwamiti ya zauna: Shugaba a tsakiya, malamai uku, Magatakarda a gefe yana rubuta abin da aka tattauna. Auta ta miƙe ta amsa sakacinta, ta ce ta bar wata kafa a shafin, ba ta faɗi wace iri ba, kamar yadda uban ya umarce ta. Sannan tsohon ya nemi izini. Ya ɗauki kwafin ya ɗora gilashi a gindinsa, ya matsa kusa da Magatakarda.

"Ni ba boko na yi mai zurfi ba. Amma ko ni na ga shafin nan shirme yake fitarwa. Ku dubi yadda ya rubuta sunan darasi: alamar kaso, da wani harafi, da shida, da tara tara. Ranka ya daɗe, ka rubuta a takardarka cewa injin ya haukace, ya ɓata kalma."

Magatakarda ya leƙa, ya yi ɗan murmushin mai ilmi.

"Ba ɓaci ba ne, dattijo. Ƙa ce mai ƙugiya. Haka take fita a gindin takarda in an buga."

"Ikon Allah. A ina ka taɓa ganin ta fita haka?"

Biron ya tsaya.

"Sunan darasin nan a shafi da ka ta kullum yake," in ji Malam Hatimi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Minti biyar kacal ya taɓa yi da ƙugiya a duniya. Mu uku muka san ma'anar tarkacen nan, ni da 'yata da Shugaba, kuma ba mu gaya wa kowa ba. Na huɗunmu sai wanda ya sa ƙugiyar da hannunsa, ya buga, ya ga abin da ya fito. Sakatariya waƙafi take sawa. Malami tambayoyin a kansa suke, kuma yana aji. Kwamfuta ɗaya ke fitar da harafin nan a ginin, kai ka nuna mini ita jiya. Wata biyu baya kana gyaran rubutu ka ga ƙofa ta buɗe. Da ka taka ƙafa goma zuwa teburin yarinyar nan ka gaya mata, da ta gode maka har ƙasa."

Magatakarda ya ajiye biron, ya cire tabarau.

"Ban ba 'yata a hannu ba," ya ce da ƙyar. "A cikin littafinta na sa. Ba ta san daga ina ta fito ba. Ƙawarta ce ta gani ta yi kwafi. Ni 'yata kawai na so in tsamar."

"Na sani. Ni ma tawa na zo tsamarwa. Da satar kaɗai ka yi, da ni zan fara roƙa maka sassauci, don na san abin da ke cin uban 'ya ɗaya. Amma kwana huɗu kana zaune kana kallon tawa tana nutsewa, har ka ce mini yaran yanzu sai addu'a."

Shugaba ta zare mabuɗin Auta daga aljihun tebur ta tura mata. Auta ba ta ɗauka ba tukuna, sai da ta zagayo ta riƙe hannun ubanta.

Da la'asar suka zauna a tabarmar nan ta gyara layukan. Ta koya wa mai gadi ɓa da ɗa da ƙa da 'ya. Ta raba kabad biyu, sababbin tambayoyi daban, tsofaffi daban.

"Layin ƙarshen fa?" in ji tsohon. "A gidan waya, wasiƙar da ba ta shiga kowane rami ba, akwatin ƙarfe muke jefa ta mu kulle. Ba ma miƙa wa wanda ke tsaye a taga."

"Na mai da shi bango, Baba. Abin da ba a gane ba, ba ya wucewa."

"Yawwa. Yanzu rubuta mini ƙa in ga ko kin iya."

Ta rubuta masa a bayan tsohuwar ambulan. Ya duba da gilashi, ya ce ƙugiyar ta karkace, a sake.

Magatakarda kuwa ga abin da ya tafi da shi. Kujerar shekara ashirin da huɗu ta tafi, saura shekara biyu ya sauka da girmansa. Mabuɗan ofis ya miƙa su ga sakatariyar da ya yi shekaru yana ja wa jan biro. Gaisuwar da ake durƙusa masa a baranda ta ƙare a yini ɗaya. 'Yarsa, da bincike ya nuna ba ta san asalin takardar ba, an bar ta ta zauna jarrabawar da sababbin tambayoyin Kashi Ɗari, ta kuma ci da guminta, don wata uku ta yi tana bita, uban bai lura ba. Ran da sakamako ya fito ba ta kawo masa ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, ashe kai ma ba ka yarda zan iya ba." Duk cikin abin da ya rasa, wannan ne bai samu wurin ajiyewa ba.